Tambayi Kafinta: Teburin da uwargida ta ce na mahauta ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Kafinta. Ni malamin firamare ne a Funtuwa, aikin katako kuma sha'awa ce kawai. A hutun watan Agusta na sayi falankin madaci guda uku, kowanne faɗinsa inci 12, kaurinsa inci 2, na haɗa su da gam na yi saman teburin cin abinci mai tsawon ƙafa 6. Ban daidaita gefunan waje ba, na bar su da karkacewarsu da ɓawonsu, don ina son ya fito kamar aikin ƙauye. A kai da ƙarshe na gicciya katako ɗaya-ɗaya, na sa gam na kafe da ƙusa. Ƙafafun na malaina ne, tsayin teburin inci 30, katakon da ya zagaye ƙarƙashinsa kuma inci 6, duk da ƙusa na haɗa. Uwargida ta ce ya yi kama da teburin mahauta, ƙanena ya ce in lulluɓe shi da fomeka. Ni kuma ina tunanin shafa masa baƙin mai saboda gara. Ga hotuna nan. Don Allah a faɗa mini gaskiya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Na ga hotunan, kuma teburin ya yi kyau. Ka gaishe da uwargida, ka ce mata teburin mahauta ba abin rainawa ba ne, shekara da shekaru yake shan sara bai faɗi ba. Shi kuwa ƙanenka, ka ba shi haƙuri. Wanda ya samu madaci mai kaurin inci 2 ya rufe shi da fomeka ya yi asarar kuɗinsa, don da filawud ma zai samu wannan fuskar da araha. Jan madaci yana ƙara duhu da kyau in ya kwana biyu, kuma shi ne duk adon teburin nan.

Amma tunda gaskiya ka nema, matsalar tana wurin da ba wanda ya duba a gidanku: katakan nan biyu da ka gicciya a kai da ƙarshe.

Katako ko an yanke shi bai daina shan ruwa daga iska ba. Da damina ya kumbura, da rani ya tsuke. Ka san ƙofar da ke ƙin rufuwa a Agusta, in Janairu ta zo kuma har haske kake hangowa ta gefenta. Abin da masu koyo ba su lura da shi ba shi ne, ta faɗi yake wannan motsi, ta tsawo kusan ba ya motsawa ko kaɗan. Mu kuma a nan Arewa abin ya fi tsanani, domin a tsakiyar damina laimar iska takan haura kashi 70 cikin ɗari, da hunturu kuwa ta faɗo ƙasa da kashi 20. Saman teburinka faɗinsa inci 36 ne. Tsakanin Agusta da Fabrairu zai iya tsukewa da rabin inci, ko ma fiye, musamman da yake a tsakiyar ruwa ka sayi katakon, kuma da wuya a ce ya gama bushewa a wurin 'yan katako. To shi katakon da ka gicciya tsawonsa ne ya kwanta a kan faɗin falankin, ba zai ragu ba. Falanki na ja, shi yana riƙe da gam da ƙusa. Dole ɗaya ya saki. Yawanci falankin ne ke tsagewa daga baki, ko layin gam ya buɗe, wata rana da dare ka ji ƙara kamar an karya kara.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tun hunturu bai kankama ba ka cire katakan biyu a hankali, ka kankare gam ɗin. In kana son su don ado, ka mayar da su, amma gam a tsakiya kaɗai, kamar faɗin tafin hannu. Sauran wuraren ka ɗaure da sukuru, kuma ramin kowane sukuru ka tsawaita shi ta gefe da gefe yadda zai samu wurin zamewa in falanki ya motsa. Kada ka ɗaure su tamau. Za ka ga da rani katakon giccin ya ɗan fi teburin faɗi, da damina su dawo daidai. Ba lahani ba ne, haka aikin yake. Ni da nawa ne ma ba zan mayar da su ba. Zan sa katako biyu ko uku a gicciye ta ƙarƙashi inda ido ba ya gani, da irin wannan dogon ramin, in bar bakin falankin a buɗe, ya fi dacewa da fasalin da kake nema. Haka nan wurin ɗora saman a kan ƙafafu: ban da gam, ban da ƙusa, sukuru mai wurin motsi kawai.

Sai ƙafafun. Malaina ba ta da laifi, tana da sauƙin aiki da araha, amma tana da taushi kuma ba ta riƙe ƙusa sosai, ga saman madaci da nauyi. Yau teburin a tsaye yake ƙyam. Bari yara su ja shi sau goma a kan siminti, za ka ji ya fara rawa. Haɗin da ke daɗewa shi ne a huda rami a jikin ƙafa, a sassaƙa bakin katakon zagayen ya shiga ciki daidai, a sa gam. In wannan ya fi ƙarfin kayan aikinka, kai ƙafafun wurin kafinta ya huda maka, aikin yini ɗaya ne. In kuma ba ka son kwancewa, sa ƙaramin katako a karkace a kowace kusurwa ta ciki, ka ɗaure shi da ƙafar da noti, sannan ka haɗa ƙafafun da wani katako ta ƙasa.

Akwai kuma lissafin da ya kuɓuce maka. Inci 30 daidai ne ga teburin cin abinci. Amma cire inci 2 na sama da inci 6 na zagaye, saura 22. Kujera inci 18 ce. Ka bar wa cinyar mutum inci 4 ke nan, baƙo mai jiki ba zai zauna ba. Rage zagayen ya koma inci 4, ko uku da rabi, ƙarfinsa ya isa tebur mai ƙafa 6.

Ɓawon kuwa ka cire shi. Na san shi ne ya ba ka sha'awa, amma zai bushe ya ɓare da kansa guntu-guntu, kuma a ƙarƙashinsa ne ƙwaron katako ke samun mafaka, irin wanda za ka wayi gari ka ga gari-gari a ƙasan tebur. Sa gizago ko wuƙa ka bi shi a hankali, ka bar gefen da karkacewarsa yadda Allah ya halicce shi, ka goge da samfefa har hannu ya daina jin kaifi. (Ɓawon ba zai rasa mai so ba. Duba madatan da ke bakin titi a Zariya ko Kano ka ga yadda masu neman magani suka saɓule su.)

Baƙin mai kuma a'a. A kan katakon rufi ko dirkar shinge ban hana ba, amma man da ya fito daga inji yana ɗauke da dattin ƙarfe, warinsa ba ya fita, zai ɓata hannun riga, kuma a nan yara za su ajiye burodi. Gara daga ƙasa take hawowa, saboda haka ƙafafun za ka tsare: shafa musu Solignum, wato maganin kare katako daga gara, daga ƙasa zuwa kamar inci 6, ka bari ya bushe a waje, ka liƙa roba a tafin kowace ƙafa don kada ta riƙa tsotsar ruwa in ana goge ɗaki. Kada ka jingina teburin da bangon ƙasa.

Shafe kuma kada ka yi gaggawarsa. Bar teburin a cikin ɗaki, a inuwa, ya sha hunturun bana tukuna. Wajen ƙarshen Fabrairu, in ya gama tsukewa, ka goge shi ka shafa banish marar ƙyalli sau uku, kana bi da samfefa mai laushi tsakanin kowane shafi. Yadda ka shafa sama haka za ka shafa ƙasa da bakunan falankin, domin in fuska ɗaya ce kawai ta rufu, ɗayar za ta ci gaba da shan laima ita kaɗai, saman ya lanƙwashe. In ka gama ka sake turo mini hoto, har da na ƙarƙashin teburin, don can nake son gani.