Ragowar magunguna don 'yan gudun hijirar Sudan: a aika ko a dakata?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce. Ƙungiyarmu ta tara kwalaye na ragowar magunguna daga hannun jama'a domin aika wa 'yan gudun hijirar Sudan da ke garin Adre a gabashin Chadi, amma na lura wasu saura wata biyu ko uku wa'adinsu ya cika, kuma hankalina bai kwanta ba. Mu aika ko mu dakata?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri bisa wannan niyya, amma ku dakata. Na san abin da za a ce miki a taro, domin kullum shi nake ji: wai da babu gara ba daɗi. A harkar magani wannan maganar ba ta da gurbi, kuma na gaji da ganin ɓarnarta.

Tun 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kyautar magani, waɗanda suka ce duk maganin da za a bayar ya kasance yana da aƙalla shekara guda kafin wa'adinsa ya cika a ranar da ya isa ƙasar, sannan kada a karɓi wanda ya riga ya shiga hannun majinyaci. Ba don son takardu aka kafa su ba. A yaƙin Bosniya, tsakanin 1992 da 1996, kimanin tan 17,000 na magungunan agaji sun zama shara, aka kiyasta kuɗin lalata su a dala miliyan 34. A Aceh ta Indonesiya ma, bayan igiyar tsunami ta 2004, yawancin abin da aka aika rubutun jikinsa da harsunan waje yake.

Ke kin san aiki, don haka ki duba da kanki. Kwalin da ya yi makonni a hannun kwastam, sannan ya bi mota cikin zafin rana, me zai rage na wata ukun nan? Wa zai tabbatar da yadda aka ajiye insulin na masu ciwon suga ko oksitosin na masu haihuwa, waɗanda zafi ke lalatawa, a gidan da suka fito? Rabin kwas na maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba lallai ya warkar ba, kuma yana iya koya wa ƙwayar bijire wa maganin. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, mai harhaɗa magani ɗaya da ke sansani zai bar layin yara masu ƙyanda da tamowa ya zauna tantance kwalayen da babu wanda ya roƙa, waɗanda suka aiko kuma sun riga sun ɗauki hoto sun watse.

Ku tara kuɗi ku bai wa ƙungiyar da ke aiki a wurin, kamar Likitocin Na Gari Na Kowa (MSF), domin akwai ƙunshin magungunan gaggawa da aka tsara ya wadatar da mutum 10,000 tsawon wata uku. Kwalayen da ke hannunku kuwa, ku miƙa su ga hukumar kula da magunguna ta lalata su bisa ƙa'ida.