Tambayi Mai Gyara: injinan hannu 'yan gwanjo

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai walda ne a Garin Malam nan cikin Damagaram. Na sayi ƙaramar mela (injin yanka da goge ƙarfe) Bosch ta gwanjo a kasuwar Dole jaka 15, ta yi wata ɗaya tana aiki lafiya lau, yanzu kuma sai tartsatsi take ta baya, wani lokaci sai na ɗan buge ta kafin ta tashi, ga wani wari kamar na ƙuna. Abokina ya ce in yar da ita in sayi sabuwa mai araha. Ya zan yi dan Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka yar, kuma ka daina bugunta haka nan. Abin da ka faɗa duk alamar sharbon ne, wato gawayin nan guda biyu da ke gogar tagullar da ke juyawa a ciki. Shi dama don ya cinye aka yi shi, in ya gajarce ya koma kamar milimita 5 ko 6 to waya mai tura shi ba ta iya danna shi sosai, shi ya sa in ka buga take tashi. Cire fulogi tukuna, kwance murfin baya, zaro su ka tafi da su kasuwa a hannunka don a ba ka daidai girmansu, kuma guda biyun za ka canza tare ko da ɗaya na da saura. Na sha ganin yara suna fasa tsohon batirin rediyo su feƙe gawayin ciki su saka, toh zai juya kam amma tagullar yake ci, kwana kaɗan ka shiga asarar da ta fi ta farko.

Tun da ka buɗe, duba tagullar kanta. In baƙi ne kawai ya hau kanta ka goge da takardar yashi mai laushi ka hure. In ka ga wani yanki ya ɗago ko ya ƙone daban da sauran, ko ka sa sabon sharbon amma wuta na zagaye ta kamar zobe, to naɗin ciki ne ya ƙone, sai dai mai bobinaj, wato mai sake naɗin waya, ko a samo wani daga matacciyar mela irinta. A nan ne za ka zauna ka yi lissafi, in kuɗin gyara ya haura rabin abin da ka saye ta ni dai ba na ba da shawara. Warin nan da ka ambata shi ne ya ɗan dame ni gaskiya, amma sau da yawa ƙura ce, ƙurar hunturun garin nan da garin ƙarfe su toshe kafofin iska injin ya rasa numfashi, bare watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. Ka riƙa hure ta da iskar mai faci ko sau ɗaya ne a sati. Ka kuma juya bakin da hannu, in kana jin ƙarar-ƙarar to boris ne, lambarsa na rubuce a jikinsa, irin su 608 ko 6001, ba shi da tsada. Tsohuwar Bosch mai launin shuɗi don masu sana'a aka yi ta, koriyar ta aikin gida ce, in shuɗiyar gare ka wallahi ta cancanci wahalar.

Tambaya: Baba mai gyara, yayana ya aiko min injin huda daga Amurka, ina sa shi a wuta ya yi gudu kamar zai tashi sama sai hayaƙi. Laifin kuran ne, wato wutar lantarkin?

Amsa: A'a ɗana, laifin rashin karanta ɗan allon da ke jikinsa ne. Kayan Amurka na volt 120 ne, namu na Nijar 220, ka ɗura masa kusan ninki biyu. Haka wasu na Ingila masu fulogi rawaya 110 ne, na Japan 100. Wanda bai riga ya ƙone nasa ba ya nemi taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya fi wat ɗin injin sosai. Naka kam sai an sake naɗi, in ma ya yiwu.

Tambaya: Ina da injin ɗaura kusa mai batir, volt 18, batirin ya daina riƙe caji. Akwai dabara?

Amsa: Masu gyaran waya da kwamfuta na iya canza ƙwayoyin ciki. Sai dai a duba, in an rubuta Ni-Cd a jikin batirin kar a zuba masa ƙwayoyin lithium a ci gaba da tsohuwar caja, gobara ce. Kuma kar ka bar shi cikin rana.

Tambaya: Malam maigidana ya cire murfin kariya na mela don ya sa babban faifai, ya ce haka ya fi sauri. Ni nake yawan riƙe ta, shin akwai matsala?

Amsa: Akwai, babba ma. Ƙaramar mela mai faifan milimita 115 tana juyi wajen 11,000 a minti ɗaya, shi kuma babban faifai na 230 iyakarsa wajen 6,600, lambar na nan rubuce a kansa je ka duba. In ya tarwatse fuskarka da cikinka zai nufa. Faifan yanka ma yana da ranar lalacewa a zoben ƙarfen tsakiya, galibi shekara 3 daga ƙera shi, kuma 'yan gwanjo kan haɗo da tsofaffi kyauta. Na san ba a gardama da maigida, to ka same shi cikin ladabi bayan an tashi aiki ka nuna masa lambobin nan biyu, ka roƙe shi a mayar da murfin. In ya ƙi, ka ce ya ba ka wani aikin, ita dai kar ka sake riƙe ta a haka.