Makulli ba ya fita sai kuɗi sun shigo

Ka ce jiya na yi rashin tausayi da na hana direban tasin nan makullinsa don bai biya kuɗin gyara ba, alhali ya ce matarsa na kwance a asibitin Komfo Anokye. Har da kawo mini hujja, wai addini ma ya yarda a yi taimama in babu ruwa. To malam, zauna. Wata takwas da zuwanka Magazine, unguwar makanikan Kumasi, sifana sha biyu da sha uku ma sai ka karanta kake bambancewa, amma har ka fara ba ni fatawa.

Taimama gaskiya ce, kasaru ma haka, har mushe an halatta wa wanda yunwa za ta kashe. Amma wanda ruwa ke gabansa, lafiyarsa ƙalau, ya buga ƙasa, ba shi da salla. Kuma Baƙarar da ta ce a jinkirta wa wanda ake bi bashi in yana cikin ƙunci, ita ce ta ce a rubuta bashi, aya ta 282, wadda ta fi kowace tsawo. Ni ban rubuta ba.

A 2007 wani Alhaji daga Aboabo, sahu ɗaya muke sallar asuba, ya kawo Benz 207 tana hayaki kamar ana ƙona bola. Na sauke injin, na kai karanshaf aka gyara, na sa sabon ringi da metal da gasket. Kayan nan duka da sunana na karɓo su bashi. Da kuɗin aiki ya kama miliyan tara na tsohon sidi. Ranar da motar ta tashi ya dafa kafaɗata, ya ce, "Haba Masta, ni da kai? Sawu biyu zuwa Tamale, kuɗinka na hannunka." Kunya ta kama ni, na miƙa makulli. Ubangidana da ya koya mini aiki bai taɓa yin haka ba ko ga ƙaninsa, amma na ce ai wannan daban ne.

A watan Yuli aka canza kuɗi, dubu goma ta koma sidi ɗaya. Miliyan tara ta koma sidi ɗari tara ke nan, ko ɗan firamare ya sani. Sai ya aiko yaro da sidi casa'in a ambulan, wai haka lissafinsa ya ba shi. Na yi sintiri gidansa har takalmina ya ƙare: yau ya tafi Bawku, gobe yana barci. Kafin azumi ya sayar da motar. Babur ɗina na sayar na biya mai kaya, bai isa ba, uwargida ta ƙara da keken ɗinkinta. Har yau in mun haɗu wurin jana'iza shi ke fara miƙo hannu, yana murmushi.

Kada ka ce ba na sassautawa. Tsohon nan mai aboboya, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, ka ga na karɓi ko fesuwa a hannunsa? Bai roƙa ba, ni na ga halin da yake ciki. Direbanka kuwa wayar da ke hannunsa ta fi kuɗin gyaran sau uku, kuma matar nan tun bara take kwance, tambayi mai fenti na maƙwabta. Ku yaran yanzu da mutum ya karya murya sai zuciyarku ta narke, don ba da sunanku aka ci bashi ba.

Inda babu sassauci ko ga mahaifina shi ne ka ɗaura kayan gwanjo ka ce sabo ne, balle a birki. Ranar da na kama ka, kwashe kayanka. Makulli kuwa a aljihuna yake. In ka buɗe naka garejin, raba shi sadaka. Yanzu tashi ka wanke filogin can, kuma kada ka sake bar mini man fetur a buɗe.