Filin Lafiyar Baki: Farin Ciko, Tabon Haƙori da Neman Ado

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Bara na faɗi daga kan babur, haƙorina na gaba na sama ya karye, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. An yi mini farin ciko a wani asibiti, bayan 'yan watanni ya fita, aka sake yi, ya sake fita ina shan rake. Yanzu an ba ni shawarar a sassaƙe haƙorin a sa masa hula. Shin dama farin cikon nan ba shi da ƙarko ne, ko kuwa aikin ne bai yi kyau ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare gaba. Farin ciko yana da ƙarko idan aka yi shi yadda ya kamata, kuma a haƙorin gaba irin naka yakan yi shekaru bai motsa ba. Fitarsa har sau biyu cikin shekara guda alama ce ta cewa akwai abin da ya hana shi kamawa, ko kuma abin da yake tumɓuke shi, kuma ba za ka gane ko wanne ne ba sai ka san yadda yake manne wa haƙori tun farko.

Tsohon ciko, wato baƙin nan da ake kira amalgam, ba ya manne wa haƙori ko kaɗan. Likita ne yake haƙa rami mai faɗin ciki da ƙuntataccen baki, ya danna cikon, idan ya daskare sai ya kasa fitowa. Ke nan dole a yanke lafiyayyen haƙori domin a sama wa cikon mazauni, kuma dabarar ba ta da amfani a bakin haƙorin gaba da ya ɓalle, tunda babu ramin da za a danna komai a ciki. Lamarin ya sauya ne a 1955, lokacin da Michael Buonocore, likitan haƙori mai bincike a birnin Rochester na Amurka, ya lura cewa masana'antu suna wanke ƙarfe da fosforik asid kafin su shafa masa fenti domin fentin ya kama. Ya gwada haka a kan farin ɓawon haƙori, wanda ake kira inamel, da asid mai ƙarfin kashi 85 cikin ɗari na tsawon daƙiƙa 30, sai ya ga robar da ya ɗora ta kama sosai. Asid ɗin yana narkar da ɗan abin da ido ba ya gani, ya bar ƙananan ramuka barkatai, ruwan gam ya kwarara cikinsu ya daskare a can. A 1962 Rafael Bowen ya samar da irin danƙon da aka gina farin cikon yau a kansa, wanda ake cakuɗawa da garin gilashi mai laushi ana kiransa kamfozit. Yanzu an rage ƙarfin asid ɗin zuwa wajen kashi 37, ana barinsa daƙiƙa 15 zuwa 30.

A kan inamel aikin da sauƙi, domin kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne busasshe. Wahalar tana ƙarƙashinsa, a ɓangaren da ake kira dentin, wanda yake da danshi, yake kuma cike da siraran hanyoyi masu zuwa jijiya. Masana a Japan, irin su Takao Fusayama da Nobuo Nakabayashi, su ne suka buɗe hanyar manna gam a wannan ɓangare. Nakabayashi ya bayyana a 1982 yadda gam yake ratsa zaruruwan dentin ya sarƙe da su. Duk da haka har yau kamun dentin bai kai na inamel tabbas ba, kuma karaya irin taka ta kai ga dentin.

Babban abin da yake ɓata wannan aiki shi ne danshin da ba a gayyata ba. Ɗigon yawu ɗaya, ko ɗan jinin da ya tsattsafo daga dasashi, idan ya taɓa wurin bayan an wanke asid, kamun ya raunana ko da cikon ya fito da kyau a ido. Shi ya sa ake shimfiɗa wata farar ko koriyar leda ta roba a baki, a huda ta, haƙorin da ake aiki a kansa kawai ya leƙo waje. Ba sabon abu ba ne, tun 1864 Sanford Barnum ya fito da ita a New York, amma da yawa suna tsallake ta domin tana cin lokaci. Sai kuma fitilar nan mai shuɗin haske da take daskarar da cikon: idan ta yi rauni, ko aka ɗora ciko mai kaurin da ya wuce milimita 2 a lokaci guda, sama zai daskare ƙasa ya zauna ɗanye. Akwai kuma abin da ya shafi ƙasarmu musamman, wato zafi. Kwalbar gam da ta kwana cikin ɗaki mai zafi wata da watanni, ko aka riƙa barin bakinta a buɗe, tana rasa ƙarfinta tun kafin ranar lalacewar da aka rubuta a jikinta ta zo.

Ta ɓangarenka ma akwai abin dubawa. Rake, goriba, aya, ƙashi, ƙanƙara da buɗe kwalba da baki duk suna karya haƙorin da Allah ya halitta ma, balle ciko. A yayyanka rake a tauna da turame. Likita kuma ya duba yadda haƙoran ƙasa suke dukan cikon idan ka turo muƙamuƙi gaba, da ko kana cizon haƙora cikin barci.

Batun hula kuwa, ban ga dalilin gaggawa ba. Wani bincike da Edelhoff da Sorensen suka wallafa a 2002 ya nuna cewa shirya haƙorin gaba domin hula yana cinye kashi 63 zuwa 72 cikin ɗari na abin da yake saman dasashi, kuma abin da aka sassaƙe ba ya dawowa. Hula tana da muhallinta, kamar haƙorin da aka cire wa jijiya kuma mafi yawansa ya tafi. Kai kuwa kashi biyu cikin uku na naka yana nan. Ka nemi a fara ɗaukar hoton haƙorin a gwada ko jijiyar tana da rai, domin haƙorin da ya bugu yakan mutu a hankali ya yi duhu. Idan lafiya lau take, a sake cikon da ledar roba, a ɗan kwantar da bakin karayar domin gam ya sami inamel mai faɗi. Ga sauran masu karatu kuma, duk wanda haƙorinsa ya ɓalle ya nemi guntun ya jefa shi cikin madara ko ruwa mai tsabta ya tafi da shi asibiti, domin sau da yawa ana iya manna shi a inda ya fito, kuma babu cikon da zai kai shi dacewa da launi.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Tun ina ƙarama haƙorana na gaba suke da tabo ruwan ƙasa da fari-fari, haka ma 'yan'uwana. Na goge da gawayi, na gwada lemon tsami da kanwa, babu canji. Bikina ya kusa, kuma ina ganin tallan wani abu da ake liƙawa a fuskar haƙora su yi fari tas. Ko in yi? Daga wata mai karatu a Kaltungo.

Amsa: Malama, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Da farko ki daina lemon tsami da gawayi daga yau. Tabon nan ba datti ba ne da zai fita da gurza, a cikin jikin inamel yake, kuma tsami yana narkar da inamel ɗin, gawayi yana kankare shi, har rawayar da take ƙarƙashi ta ƙara bayyana.

Yadda kika kwatanta shi, da kuma garin da kika fito, sun sa na fi zaton yawan sinadarin fuloraid ne a ruwan da kuka sha kuna yara. Kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori daga ruɓewa, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita, kuma idan ruwa ya zarce haka yayin da haƙora suke ginuwa cikin dasashi, wato kafin yaro ya kai wajen shekara 8, sukan fito da irin wannan tabo. An san yankin Kaltungo da wannan, haka Langtang a jihar Filato, kuma a Tibiri kusa da Maraɗi ruwan rijiyar burtsatse ya taɓa kai wa har ga lanƙwasa ƙasusuwan yara. Saboda haka idan akwai ƙanana a gidanku, gwada ruwan da suke sha ya fi komai muhimmanci.

Abin da kika gani a talla sunansa biniya, wani siririn faifai na tangaran mai kaurin kamar rabin milimita da ake mannawa a fuskar haƙori. Charles Pincus ya fara yi wa 'yan wasan Hollywood irinsa wajen 1928, amma a lokacin da an gama ɗaukar fim ake cirewa, domin babu abin da zai riƙe shi. Sai a farkon shekarun 1980 aka gano cewa idan aka cinye bayan tangaran ɗin da wani asid na daban, zai manne wa inamel ya zauna. Yana da kyau, yana daɗewa, shayi da goro ba sa rina shi da sauƙi. Amma galibi sai an kankare fuskar haƙorin, kuma daga ranar kin shiga hidimar sauya shi har ƙarshen rayuwa. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin hotunan da ake yaɗawa a Instagram, inda ake fiƙe haƙora su koma tsinke-tsinke kafin a rufe su, ba biniya ba ce ma, huluna ne aka yi wa lafiyayyun haƙora.

Akwai matakai kafin a kai can, kuma mai sauƙin ake fara gwadawa. Na farko shi ne farantawa, wato sa haƙori ya yi fari, a ƙarƙashin kulawar likita, da man kabamaid feroksaid mai ƙarfin kashi 10 da ake zubawa a wata roba da aka auna da bakinki, hanyar da Haywood da Heymann suka bayyana a 1989; tabo ruwan ƙasa yakan dushe sosai da ita cikin 'yan makonni. Idan tabon a sama-sama yake, ana iya goge ɗan siririn abu daga inamel da asid mai rauni haɗe da gari mai laushi. Fararen ɗigon kuma akwai ruwan danƙo da ake tsotsar da su shi, su saje da sauran haƙorin ba tare da an taɓa injin haƙa ba. Abin da ya rage bayan haka sai a rufe shi da kamfozit. Ki lura da lissafin lokaci: bayan an gama farantawa ana jira kamar mako biyu kafin a manna komai, domin ragowar maganin yana hana gam kamawa, launin ma bai gama zama ba. Ki je da wuri, kada ki bari sai ana saura kwanaki a sa ki a lalle.

Tambaya: Likita, ina da baƙin ciko a turamena fiye da shekara 20, ba sa yi mini ciwo. 'Ya'yana sun ce akwai guba a ciki, in je a cire a sa fari. Mene ne gaskiya? Daga wani dattijo a Sakkwato.

Amsa: Ranka ya daɗe, Baba, 'ya'yanka sun ji wani ɓangare na maganar. Gaskiya ne kusan rabin amalgam zaiba ce, sauran kuma azurfa, kuza da jan ƙarfe. Gaskiya ne kuma duniya tana barinsa: yarjejeniyar Minamata, wadda aka sa wa hannu a 2013 ta fara aiki a 2017, ta buƙaci ƙasashe su rage amfani da shi, Tarayyar Turai kuma ta hana shi daga farkon 2025 sai bisa lalura. Sai dai babban dalilin shi ne zaibar da take zuba cikin ruwa da ƙasa daga asibitoci, sannan an yi taka-tsantsan game da masu ciki, masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 15. Cikon da ya zauna lafiya a bakin babba ba a shawartar a tone shi, domin lokacin haƙe shi ne tururin zaiba ya fi tashi, kuma duk sauyin ciko yana tafiya da wani yanki na haƙori, ramin ya ƙara faɗi.

Farin ciko ma yana da nasa rauni a turmi. Yana ɗan tsukewa yayin daskarewa, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kuma idan ba a jera shi kaɗan-kaɗan ba yakan bar kafa a gefe inda ruɓa take sake shiga. Idan naka ya tsage, ko gefensa ya buɗe, ko hoto ya nuna ruɓa a ƙarƙashi, a nan ne za a sauya, kuma a lokacin fari ya dace. Inda ramin yake kusa da dasashi kuma ba a iya busar da shi, akwai wani farin siminti mai suna gilas ayonoma da Wilson da Kent suka bayyana a Landan a 1972. Shi da kansa yake kama haƙori, yana jure ɗan danshi, yana kuma fitar da fuloraid a hankali, ko da yake bai kai kamfozit ƙarfi da sheƙi ba. Da shi ake cike haƙora da kayan hannu kawai, ba lantarki ba inji, hanyar da likitan haƙori Jo Frencken ya fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna.

Tambaya: Ina sha'awar wushirya, ƙawata kuma tana da ita tana son a toshe. Ana iya yi mana? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: 'Yata, buƙatar ƙawarki mai sauƙi ce: idan tazarar ba ta da faɗi sosai, ana ƙara kamfozit a gefen haƙoran biyu a zama ɗaya, ba allura ba sassaƙa, kuma idan ta sake shawara daga baya ana iya cire shi. Taki kuwa ba zan goyi baya ba, domin buɗe wushirya da gurza yana nufin cire inamel daga lafiyayyun haƙora biyu, abin da yakan bar su da tsami idan an sha ruwan sanyi, wani lokaci ma ya kai ga mutuwar jijiya. Idan ado kike so, ana iya manna ɗan dutse mai ƙyalli ko ɗan zinare a fuskar haƙori da wannan gam ɗin na asibiti ba tare da an huda komai ba, muddin likita ne ya sa, kuma kina goge kewayensa da buroshi safe da dare.