Ku Tambaya Mu Amsa: Na sabunta ƙunshe-ƙunshen manhajata, ta ƙi tashi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai rubuta manhaja ne a Tudun Wada, Kaduna. Akwai manhajar lissafin kuɗin makaranta da na gina da Node.js, wadda ta daɗe tana aiki ban taɓa ƙunshe-ƙunshen (packages, wato guntayen manhaja da wasu suka rubuta) da ta dogara da su ba. Wani aboki ya nuna mini kayan sabunta ƙunshe-ƙunshe mai suna npm-check-updates (ncu a taƙaice), na buga ncu -u, na bi da npm install, daga nan manhajar ta ƙi tashi. Shin in mayar da komai yadda yake in daina sabuntawa, ko akwai hanyar da ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da farko ka ceto aikinka. Idan kana ajiye shi a Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen aiki, ka dawo da tsofaffin fayiloli biyu, package.json da package-lock.json, sannan ka buga npm ci, wanda zai share node_modules, inda ake girke ƙunshe-ƙunshen, ya sake girka ainihin sigogin da ke rubuce a fayil na biyun. In Allah ya yarda manhajar za ta tashi kamar da.

Abin da ya same ka ba laifin kayan aikin ba ne, domin ncu -u bai san komai ba game da abin da ka rubuta. Aikinsa kawai ya duba rumbun npm, ya ɗauko lambar siga mafi sabunta ta kowane ƙunshi, ya rubuta ta a package.json, ko da ta tsallake iyakar da ka sa. Lambar siga kashi uku ce, kamar 4.17.21. Bisa ƙa'idar da yawancin masu wallafa ƙunshi suke bi, lambar ƙarshe ta gyaran kuskure ce, ta tsakiya ta ƙarin sabon abu ce da bai kamata ya ɓata tsoho ba, ta farko kuwa sanarwa ce cewa an canza abin da zai iya karya aikin duk wanda ya dogara da tsohuwar. Alamar ^ da kake gani gaban lamba tana hana npm update tsallake wannan lamba ta farko, kuma shingen nan ne ka ture da umarni ɗaya.

Ka duba saƙon kuskuren da ya fito maka. Idan ka ga ERR_REQUIRE_ESM, mai yiwuwa wani ƙunshi ne irin chalk 5 ko node-fetch 3, waɗanda tun 2021 suka koma sabon tsarin ɗauko ƙunshi da import, ta yadda tsofaffin sigogin Node ba sa iya ɗauko su da require. Idan kuma Express, ƙunshin gina manhajar yanar gizo, ne ya tashi daga 4 zuwa 5, wanda ya fito a 2024, to an sauya yadda ake rubuta wasu hanyoyin shafi, musamman masu alamar tauraro. Matsalarka ita ce ka canza komai lokaci guda, kamar makanikin da ya je Panteka ya sayo kayan gyara goma ya ɗaura wa mota a yini ɗaya. In ta ƙi tashi, ba zai san wanne zai kwance ba.

Barin komai yadda yake kuwa ba mafita ba ce, musamman ga manhajar da ke riƙe da sunayen yara da kuɗin iyayensu. A Disambar 2021, da aka gano ɓarakar tsaro a Log4j, wani ƙunshi na harshen Java, waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda ba su ma san wace siga ce ke cikin aikinsu ba. Gaggawa ma tana da nata haɗarin: a Janairun 2022 mai ƙunshin colors da kansa ya saki sigar da ya lalata da gangan, ta tsayar da ayyukan da suka ɗauko ta kai tsaye, alhali waɗanda fayil ɗin kulle, irin package-lock.json, ya tsare a tsohuwar siga ba ta taɓa su ba.

Ga yadda nake ba da shawara a yi. Ka buɗe sabon reshe a Git, ka buga npm outdated, wanda ba ya canza komai, sai dai ya nuna maka sigar da kake da ita, da wadda iyakarka ta yarda da ita, da mafi sabunta. Ka fara da ƙananan sauye-sauye ta hanyar ncu -u --target minor, ka girka, ka gwada, ka ajiye. Manyan sauye-sauyen kuwa ɗaya bayan ɗaya za ka bi su da ncu -i, wanda zai ba ka damar zaɓa, kuma kada ka taɓa kowanne sai ka karanta bayanin sauyin da masu shi suka wallafa. Idan kana da gwaje-gwaje masu sarrafa kansu, ncu --doctor -u zai gwada sabuntawar, ya janye duk wadda ta karya gwajin. A ganina npm audit, mai binciko ɓarakar tsaro a ƙunshe-ƙunshe, abin dubawa ne mai amfani, amma ka guji haɗa npm audit fix da --force, don shi ma yana iya tsallake lambar farko.

Tunda manhajar ta makaranta ce, ka yi wannan aiki lokacin hutu, ba a makon da iyaye suke layin biyan kuɗi ba, kuma ka tabbata kwamfutarka na da caji da isasshen data kafin ka fara girkawa.