Inji ya cinye wa maigidana yatsu, an ce tunda ya dangwala hannu ba shi da sauran haƙƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Maigidana yana aiki a wata masana'antar roba a nan Kano, shekara shida ke nan. Wata takwas da suka wuce inji ya kama masa hannun dama, aka yanke yatsu uku, sauran biyun ma ba sa lanƙwasuwa. Kamfanin ya biya kuɗin asibiti. Bayan an sallame shi manaja ya kira shi ofis ya ba shi N200,000, aka miƙo masa wata takarda ya dangwala. Yau wata uku an tsayar da albashinsa, wai dama shi ɗan wucin gadi ne. Yayansa ya ce mu haƙura ƙaddara ce, kuma tunda ya karɓi kuɗi ya sa hannu magana ta mutu. Yaranmu huɗu, shekararsa 34, dare ba ya runtsawa. Na ji an ce akwai inshorar ma'aikata. Don Allah da gaske ne ba mu da sauran haƙƙi? Daga wata baiwar Allah a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da tsayuwar da kika yi. Ba gaskiya ba ne. Haƙƙinku yana nan bai je ko'ina ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne wata takwas ɗin nan da kika ambata. Sashe na 6 na Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ya ba da shekara ɗaya daga ranar da aka ji rauni a shigar da buƙata gaban NSITF, hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata. Kenan saura muku wata huɗu. Akwai sassauci har zuwa shekara uku idan an nuna wani uzuri na musamman, amma wannan hukumar ce ke da ikon ta karɓa ko ta ƙi, kuma ba na so ku jingina rayuwar yara huɗu a kan ganin damar wani jami'i.

Maganar wucin gadi ki ajiye ta gefe. Dokar ta lissafa ma'aikacin dindindin, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da ɗan leburan da ake biya kullum, ko da takardar ɗaukar aiki ko da baki aka yi. Har ɗan aikin gida ta shigar, muddin ba ɗan'uwan mai gidan ba ne. Sojoji ne aka cire. Kuɗin inshorar kuma kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa duk wata, kuma haramun ne a wurin doka ya cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci saboda wannan. Ba a kuma tambayar laifin wa ne. Ko da za a ce maigida ne ya yi gaggawar sa hannu a injin, rauni ne da ya same shi a bakin aiki.

Yanzu takardar da ya dangwala. A nan zan daɗe, domin wannan ce cutar da nake gani kusan kullum, kuma ta fi injin kansa ɓarna.

Mutanenmu sun ɗauka ambulan ɗin da manaja ke miƙowa shi ne diyyar, takardar da ake dangwalawa kuma ita ce ƙarshen zance. Sashe na 13 na dokar ya faɗa ƙarara cewa ma'aikaci ba shi da ikon ya yi yarjejeniya da mai kamfani a kan ya yafe diyyar da dokar ta ba shi ko ta ba iyalinsa, kuma duk yarjejeniyar da aka yi a kan haka ɓatacciya ce. Ba a ce sai idan an tilasta masa ba. Ba a ce sai idan bai iya karatu ba. Ko da lauya ya zauna a gefensa, ko da shaidu goma suka sa hannu, ba ta da tasiri a kan haƙƙinsa na NSITF. Waɗanda suka rubuta dokar sun san halin da mutum yake ciki ranar da aka sallame shi daga asibiti: bashi ya taru, mai gidan haya yana sallama a ƙofa, hannu yana zogi. A wannan rana ko me aka miƙo masa zai dangwala. Shi ya sa aka ƙwace wannan ikon daga hannunsa tun kafin ranar ta zo.

Ba na manta wani bawan Allah da ya shigo ofishina da baƙar leda, duk takardunsa a ciki sun yi laushi saboda gumi. Ya zaro guda ɗaya, layi biyar da Turanci, a ƙasa ga tambarin yatsa da shuɗin tawada ya ɗan karkace. Na tambaye shi me ya sa ya karkace haka. Ya ce da hagu ya dangwala, domin na daman yana cikin bandeji. Na ce an karanta maka abin da ke ciki? Ya ce an gaya masa rasit ne na kuɗin da ya karɓa. Abin da takardar ta ce shi ne ya karɓi cikakken haƙƙinsa, ba shi da sauran magana har abada. Ya yi shekara huɗu yana ajiye da ita a ƙarƙashin katifa yana ganin ita ce ta ɗaure shi, alhali takardar ba ta ɗaure kowa ba. Shekara huɗun da ya yi shiru su ne suka kashe maganar. Ihu bayan hari muka yi.

Ki lissafa da kanki ki gani. Idan naƙasa ta hana mutum aiki gaba ɗaya har abada, sashe na 21 ya ce a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan ta rage masa ƙarfin nema ne kawai, kamar yadda nake zaton ta maigida za ta kasance, ana biyan kashi 90 cikin 100 na abin da aka ƙiyasta ya rasa. A matsayin misali kawai, mu ce albashinsa N80,000 ne, yanzu kuma da hannun nan aikin N30,000 kaɗai zai iya. Ya rasa N50,000, kashi 90 nata N45,000 ke nan a wata. Ainihin adadin sai likitoci sun auna hannun, hukumar ta duba jadawalinta, zai iya fin haka ko ya gaza. Ana kuma biya har mutum ya kai shekara 55. Mai shekara 34 yana da shekara 21 a gabansa. A wannan lissafin, N200,000 ɗin da aka ba shi ba ta cika kuɗin wata biyar ba. Ban da wannan, sashe na 26 ya ba hukumar damar ɗaukar nauyin magani da tiyata da gaɓar roba, akwai kuma tanadin koya wa mutum wata sana'ar da zai iya da hannun da ya rage. Wannan duka ake so ya sayar da kuɗin da ba su wuce na buhunan shinkafa kaɗan ba. Toshiyar baki ce, ba diyya ba.

Kada ki fahimce ni a kan duk mai kamfanin da ya ba da kuɗi mugu ne. Akwai masu bayarwa don tausayi, Allah ya saka musu, kuma karɓa ba laifi ba ne. Amma mai tausayi ba ya haɗa kyautarsa da takardar yafewa. Sau da yawa idan ka ga an matsa a rufe magana a cikin ofis, to ko dai kamfanin bai yi rajista da NSITF ba, ko ya daina zuba kuɗin, ko kuma sunayen 'yan ofis kaɗai ya kai ya ɓoye masu tsayuwa a gaban inji. Sashe na 5 ya wajabta masa kai rahoton duk wani rauni cikin kwana 7, ƙin kaiwa kuma laifi ne. Kai rahoton zai tona asirinsa, shi ya sa ambulan ta fi masa sauƙi.

Sai maganar yayan maigida. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma ba na so ki je ki yi masa gardama, babban wa uba ne. Ƙaddara gaskiya ce, babu Musulmin da ke musun ta. Amma yaushe yarda da ƙaddara ta zama barin haƙƙi? A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya rubuta wa Amru bin Hazm: hannu raƙuma 50, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Addinin da ya sa wa yatsa ɗaya raƙuma 10 bai ɗauki yatsan talaka abin banza ba. Hukuncin diyyar shari'a daban ne da wannan tsari na gwamnati, malamai ne za su yi bayaninsa. Abin da nake nufi shi ne neman a biya ka gaɓar da ka rasa ba rashin tawakkali ba ne. Abin da ke ƙona mini rai, ban taɓa jin an ce wa mai kamfani ya haƙura da ribarsa ƙaddara ce ba. Kullum mai yankakken hannu ake yi wa wa'azin haƙuri. Kuma yafiya tana da daraja ne idan mutum ya san abin da yake yafewa. Wanda aka ce masa rasit ne bai yafe komai ba, yaudararsa aka yi.

Za a iya ce muku ai maigida bai sanar da kamfani raunin ba. Gaskiya ne sashe na 4 ya ce ma'aikaci ko wani nasa ya sanar da kamfani cikin kwana 14. Amma sashen ya yi togiya idan kamfanin ko wakilinsa ya riga ya san da abin. Kamfanin da ya biya kuɗin asibiti ba zai ce bai sani ba. Takardar da ya dangwala ma, wadda suke tsorata ku da ita, hujja ce a hannunku cewa ma'aikacinsu ne kuma a wurinsu abin ya faru. Idan ba a ba shi kwafi ba, ya nema. In an hana, ya rubuta ranar da aka ba shi kuɗin da sunan wanda ya ba shi da waɗanda ke wurin, tun bai manta ba.

Na ji daɗi da kika ce asibiti aka kai shi. Da yawa wurin mai ɗori ake fara kai su, a ɗaure gaɓa tamau da karare har jini ya daina zagawa, sai ta yi baƙi sannan a kwaso mutum zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, inda ba abin da ya rage sai yankewa. An rasa gaɓar, an kuma rasa takarda, domin mai ɗori ba ya rubuta rahoto, hukuma kuma da takarda take aiki. Ko yanzu kada wani ya ruɗe ku cewa zai miƙar da yatsu biyun nan da mai da tofi. Ku koma wurin likitan da ya yi aikin, ku nemi rahoto a rubuce mai hatimin asibiti, wanda ya faɗi ranar da aka kawo shi, abin da aka yanke, da abin da hannun zai iya da wanda ba zai ƙara iyawa ba. Ku haɗa da hoton ƙashi, katin asibiti, katin shaidar aiki, da saƙonnin banki na shigar albashi. Idan a hannu ake biyansa, ku nemi abokan aikinsa biyu da za su iya tsayawa su ce sun san shi a wurin.

Ba zan ɓoye miki ba, hanyar tana da gajiya. Za ku sha je-ka-ka-dawo. Fayil yana iya kwana wata da watanni a kan teburi saboda sa hannu ɗaya, kuma idan ya tabbata kamfanin bai yi rajista ba, a nan magana ta fi cijewa. Wannan yana ba ni haushi ƙwarai, domin dokar da aka yi a 2010 don ta maye gurbin tsohuwar ta 1987 an yi ta ne don kada mai rauni ya riƙa bin ofisoshi yana roƙo. Rashin rajista laifin kamfani ne, ba na maigida ba, kuma ku ce a rubuta muku duk amsar da aka ba ku. Kada ku yarda da amsar baka. Duk takardar da kuka miƙa ku riƙe kwafi, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kansa. Wannan hatimin shi ne zai nuna kun shigo cikin shekarar. Idan hukumar ta yanke abin da bai gamsar da ku ba, kuna da kwana 180 ku nemi ta sake dubawa, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano. Tsayar da albashinsa da aka yi magana ce ta daban da lauya zai duba, ita ma a wannan kotun ake kai ta.

Ku kuma yi hattara da masu tsayuwa a bakin ofisoshi suna cewa sun san wani a ciki, a ba su kaso su fitar da kuɗi cikin sati biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kada ku ba kowa takardunku na asali, kada maigida ya sake dangwala komai sai wanda kuka amince da shi ya karanta masa da Hausa.

A wannan satin, ba wata mai zuwa ba, ya je ofishin NSITF na Kano da ƙafarsa, ya tambaya ko kamfanin ya kai rahoton rauninsa, ya karɓi fom ɗin neman diyya ya cike ko da rahoton likita bai fito ba tukuna. In da hali yayan nasa ya raka shi, ya ji bayanin da kunnensa. Idan kun samu kwafin takardar da ya dangwala, ki turo mini hotonta in duba.