Amsa: Yadda za ka haɗa katunanka a wasan waya na Clash Royale

Ɗan'uwa, ka ce kana Farin Gada a nan Jos, ka haɗa Golem da P.E.K.K.A da Mega Knight wuri guda amma kullum ana rusa maka hasumiya. Matsalar ke nan. Golem na cin elikza (ruwan da kake kashewa wajen sako kati) 8, sauran biyun 7 kowanne, kuma ma'ajinka ba ya wuce 10. Kafin ka tara na biyu, abokin karawarka ya gama da kai.

Katuna 8 kawai gare ka. Zaɓi guda ɗaya da zai riƙa dukan hasumiya, sauran su yi masa hidima. Ni Hog Rider nake ba sabon shiga shawara, elikza 4 ne. Ka haɗa shi da Musketeer saboda masu tashi sama irin su Balloon, da Cannon don ya janye manyan kaya zuwa tsakiyar fili, sai Fireball da The Log. Ka cike da Ice Golem da Skeletons da Ice Spirit. Matsakaicin elikzar da suke ci 2.6, shi ya sa Hog ke dawowa hannunka da wuri.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ribar elikza. Misali da wasu katunan daban: idan abokin karawarka ya sako Minion Horde na 5, ka share su da Arrows na 3, ka ci ribar 2. Da ita za ka kai hari.

Kada ka riƙa canza katuna duk lokacin da aka ci ka. Ka yi sati biyu da waɗannan, zinarenka na cikin wasan kuma ka zuba shi wajen ƙara musu ƙarfi su kaɗai.